Sai Masu Gida za ta dawo kamar da? Kofi ɗaya daban, mulkin gasa daban

Tambaya: Malam, wata gardama ce ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a majalisarmu. Tun da Kano Pillars, wadda ake wa kirari da Sai Masu Gida, ta dawo gasar Firimiya ta Najeriya a 2023, aka ɗebo sababbin 'yan wasa, daga baya su Ahmed Musa da Shehu Abdullahi suka dawo gida, muka rabu kashi biyu. Wasu na cewa kofi yana nan tafe kamar yadda aka yi a 2012, wasu na cewa wancan zamanin ya wuce, sai dai a ba yara labari. Har an fara jin haushin juna. Kai da ka daɗe kana bin wannan gasa, su wa suka fi kusa da gaskiya?

Amsa: Ɗan'uwa, ina jin kun shafe watanni kuna musu a kan abubuwa biyu, kuna zaton abu ɗaya ne. Masu cewa Pillars za ta iya sake ɗaga kofin gasar Najeriya suna da hujja. Masu cewa ba za a sake ganin irin abin da aka gani daga 2012 zuwa 2014 ba, su ma suna da tasu, kuma a ganina tasu ta fi ƙarfi. Cin kofi sau ɗaya abu ne da ƙungiya mai matsakaicin shiri kan samu idan kaka ta yi mata kyau. Ɗaukarsa sau uku a jere kuwa, ƙungiyoyi uku kacal suka taɓa yi a tarihin gasar: Iwuanyanwu Nationale ta Owerri daga 1988 zuwa 1990, Enyimba ta Aba daga 2001 zuwa 2003, sai Pillars. Kuma ka riƙe wannan, don zai yi maka amfani a majalisa: daga 2015 zuwa 2025 babu ƙungiyar da ta ci kofin ta sake cin sa a kakar da ta biyo baya. Pillars ce ta ƙarshe da ta yi hakan a 2014.

Ni na yi shekaru ina horar da yara a filayen unguwa, kuma tun kafin a fara kiran Rabi'u Ali da sunan Pele nake zuwa kallon Pillars, don haka ba daga bakin rediyo kawai nake maganar ba. Abu na farko da nake so mu yi shi ne mu tuna "da" ɗin da ake so a koma, yadda yake a zahiri, ba yadda ƙauna ta yi masa kwalliya ba.

An kafa ƙungiyar a 1990, ta hanyar haɗe ƙungiyoyin WRECA da Kano Golden Stars da Bank of the North. Kafin nan Kano tana da abin alfahari, domin Raccah Rovers ta ci gasar ƙasa a 1978. Amma Pillars sai da ta shekara 18 kafin ta ɗaga kofin farko a 2008 a hannun Kadiri Ikhana. Shekara 18 fa. Masu gaggawar yau su lura. A 2009 aka yi abin da har gobe ba a manta ba: aka tashi 1-1 da Al Ahly ta Masar a nan Najeriya, aka je Alƙahira aka yi 2-2, aka fitar da mai riƙe da kofin zakarun Afirka da dokar ƙwallon waje, wato idan jimillar ƙwallaye ta zo ɗaya, wanda ya fi zurawa a gidan abokin karawa ne ke wucewa. Pillars ta wuce rukunin da ke da Al-Hilal da Al-Merrikh na Sudan da Zesco ta Zambiya, ta kai zagayen kusa da na ƙarshe. A nan Heartland ta yi mana 4-0 a Owerri, ta zo Kano ta ƙara ɗaya. A kakar da ta biyo baya wani yaro ɗan shekara 17 mai suna Ahmed Musa ya zura ƙwallo 18, abin da ya kafa tarihi a lokacin, aka sayar da shi ga VVV-Venlo ta Holan. Sai kuma kofuna uku na 2012 da 2013 da 2014.

To ga abin da ba a cika faɗa a gidan kallo ba. Duk wannan ƙarfin a cikin gida ya tsaya. Bayan 2009 Pillars ba ta sake shiga zagayen rukuni na kofin zakarun Afirka ba. A 2013 AC Léopards ta Kongo ta fitar da ita, a 2014 AS Vita ta Kinshasa ta yi waje da ita tun a zagayen share fage, a 2015 Moghreb Tétouan ta Maroko ta yi mata 4-0 a can. A 2019 an ci Asante Kotoko 3-2 a Kano, aka je Kumasi aka sha 2-0, 'yan'uwanmu Hausawan Zangon Kumasi suka yi ta yi mana tsiya. Wato ko a shekarun da muke kira na zinariya, zakaran gida ne, in an fita waje sai ya yi laƙwas. Idan wani a majalisarku yana nufin a dawo a fi ƙarfin Afirka, to ka ce masa ba "dawowa" yake nema ba, sabon abu yake nema wanda sau ɗaya kawai aka leƙa ƙofarsa.

Me ya kawo kofuna ukun nan? Mutane da yawa za su ce koci. Ban yarda ba, kuma ga dalili. Kofunan lig huɗun da ƙungiyar ta ci, masu horarwa uku ne suka kawo su: Ikhana a 2008, Mohammed Babaganaru a 2012 da 2013, Okey Emordi a 2014. Gaskiya ne ba ƙananan mutane ba ne, Ikhana da Emordi kowannensu ya ɗaga kofin zakarun Afirka da Enyimba, ɗaya a 2003 ɗaya a 2004. Amma benci ya canza hannu tsakanin 2013 da 2014, kofi bai bar Kano ba. Abin da bai canza ba shi ne ƙashin bayan ƙungiyar. Theophilus Afelokhai a raga, Rabi'u Ali a tsakiya, Gambo Mohammed a gaba, da irin su Umar Zango da Shehu Abdullahi. Mutane ne da suka daɗe suna cin abinci a kwano ɗaya. Ɗan tsakiya ya san inda ɗan gaba zai ruga tun kafin ya ɗaga kai. Sabon ɗan wasa in ya zo, ya tarar da gida mai tsari, ya san wa ake jin maganarsa a ɗakin canza kaya, ya bi layi.

Wannan ba abin da ake saye a kasuwar 'yan wasa ba ne, kuma nan ne nake da matsala da yadda ake fahimtar sake gina ƙungiya a ƙasar nan. A wurinmu, da zarar kaka ta ƙare ba yadda ake so ba, sai a sallami mutum goma sha, a kira gwaji, a ɗebi wasu goma sha, a ɗauki hoto da sabuwar riga, a ce an yi garambawul. Duk wanda ya taɓa horar da ko da 'yan ƙasa da shekara 15 ya san 'yan baya huɗu ba sa fahimtar juna a wata biyu. Tarkon satar gida kaɗai, wato su taso tare su bar ɗan gaban abokan hamayya a baya, yana cin watanni kafin ya zauna, kuma mutum ɗaya in ya makara da taku ɗaya, an zura muku. Ƙungiyar da ke sauya rabin 'yan wasanta duk shekara kullum a makon farko take. Sai ta fara kama hanya a zagaye na biyu, lokacin da na sama sun riga sun ba ta maki 15.

Abu na biyu da ya kawo kofunan shi ne filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata. Daga 2003 har zuwa Agustan 2015 ba a ci Pillars a gida ba a gasar lig, wasa 202, sai da Nasarawa United ta zo ta yi 2-1. Yi lissafin da kanka. Ƙungiya 20, wasa 38, 19 a gida. Wanda ya cinye na gida duka yana da maki 57 tun bai taka mota ba. A wancan zamanin, in ka haɗa wannan da 'yan canjaras da nasara ɗaya ko biyu a waje, kana cikin masu neman kofi.

Zan faɗi abin da wasu ba za su so ji ba. Wani ɓangare na wancan tarihin ƙwarewa ce da cikar 'yan kallo, babu shakka, don duk wanda ya taɓa shiga filin nan ranar da ya cika ya san ƙafar baƙo kan yi nauyi. Amma wani ɓangaren yanayin gasar ne gaba ɗaya. A shekarun nan cin wasa a waje kamar ganin wata a tsakar rana ne, a Kano ko a Aba ko a Fatakwal. Alƙalin wasa yana tunanin yadda zai fita daga fili lafiya, kuma fenaritin minti na 90 ga masu gida ba baƙon abu ba ne a ko'ina. Tun da kamfanin LMC ya karɓi ragamar gudanar da gasar a 2013 aka fara matsa lamba a kan wannan, kuma yanzu da kowa ke da waya mai kyamara, ana kuma haska wasanni da dama kai tsaye, abin ya ragu, ko da yake bai ƙare ba. Rivers United ta tara maki 77 lokacin da ta ci kofi a 2022, kuma waɗanda suka ci a 2024 da 2025 sun kai wajen 70. Ba a tara wannan da wasan gida kaɗai. In kiɗa ya canza, rawa ma dole ta canza. Ƙungiyar da ba ta iya ɗebo maki kamar 20 daga waje, ta manta da zancen kofi.

Sannan ga ciwon da ya fi damuna, wanda mu magoya baya ne da kanmu muke jawo shi. Filin da ya kasance makaminmu ya koma abin da ake hukunta mu da shi. A Afrilun 2022, bayan an daɗe ana buga wasannin gida a Kaduna, aka dawo Kano aka kara da Katsina United. Wasan bai ƙare lafiya ba, aka farfasa motar baƙi, hukumar gasa ta kwashe maki, ta ci tara, ta mayar da wasannin gida Abuja. A ƙarshen kakar ƙungiyar ta faɗa gasar 'yan dagaji, wato ƙaramar gasar da ke ƙasa da Firimiya, karon farko cikin shekaru sama da 20. A Oktoban 2025 aka sake maimaitawa bayan Shooting Stars ta farke a ƙarshen wasa aka tashi 1-1: aka shiga fili, aka taɓa alƙalai, aka kwashe maki 3, aka rufe mana gida. Ka gaya mini, wane koci ne a duniya zai ci kofi da ƙungiyar da ƙarfinta yake gida, alhali ana kore ta daga gidan? Idan 'yan majalisarku suna son su san abin da su da kansu za su iya yi, to ga shi nan: duk wanda ya jefa jarkar ruwa ko ya haura shinge, ya fi ɗan bayan da ya ci gida ɓarna, domin ɗan baya wasa ɗaya ya zubar, shi kuwa rabin kaka ya zubar.

Mu zo kan tsofaffin hannu, tun da su ne suka tayar da gardamar taku. Ahmed Musa ya dawo na ɗan lokaci a 2021, ya sake dawowa a Oktoban 2024, ya zura biyu a ragar Sunshine Stars a wasansa na farko, gari ya ɗauka. A Yulin 2025 aka naɗa shi babban manajan ƙungiyar. Shehu Abdullahi ma ya dawo. Rabi'u Ali kuwa bai taɓa barin zukatan mutane ba, ya haura shekara 40 yana buga bugun tazara kamar da hannu yake ajiye ta. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, kuma akwai gaskiya a ciki. Mutumin da ya zura wa Ajantina biyu a gasar cin kofin duniya ta 2014, ya zura wa Iceland biyu a 2018, in ya ce wa yaro "tsaya nan", yaron zai tsaya. Suna cika fili, suna jawo hankalin masu talla, suna sa a daina yi wa ƙungiya kallon raini.

Amma zuma magani ce, ba tuwo ba ce. Gasar Najeriya wasa 38 ne, da tafiye-tafiyen da wasu sun kai kilomita 1,000 a mota, da filayen roba masu zafi da ke cin gwiwa, da wasan Laraba bayan na Lahadi. Kuma hanyar ba ta da tabbas: a Maris ɗin 2015 'yan fashi sun buɗe wa motar Pillars wuta a kan hanyar zuwa Owerri, suka raunata 'yan wasa biyar, har da Gambo Mohammed, kuma a ganina ƙungiyar da ta ci kofi uku ba ta sake zama daidai ba tun daga ranar. Jikin ɗan shekara 33 ko 40 ba ya murmurewa daga irin wannan wahala kamar na ɗan 22. Idan ka sa manya uku a fili lokaci ɗaya, dole sauran bakwai su yi gudun mutum goma. Ana iya yin hakan a gida, inda ƙwallo ke ƙafarka. A waje, inda za ka shafe minti 60 kana bin ta, nan asiri ke tonuwa. Tambayar da ya kamata a yi ba ita ce "wa ya dawo?" ba. Ita ce "wane yaro ne yake koyo a gefensa, kuma zai kai shekara uku a nan?"

Wannan ta kawo mu ga kuɗi, inda zamani ya fi canzawa. Junior Lokosa ya zura 19 a 2018, ya fi kowa a gasar, kafin a farga Espérance ta Tunisiya ta ɗauke shi. Tun da darajar naira ta zube daga tsakiyar 2023, abin ya ƙara muni. Albashin da kulob ɗin Tanzaniya ko Libiya ko Iraƙi zai biya da dala, babu gwamnatin jihar da za ta iya gogayya da shi. Don haka yaro in ya haska kaka ɗaya, ya tafi, kuma ba mai ganin laifinsa, iyali gare shi. Irin zaman da su Gambo da Rabi'u suka yi na shekara da shekaru a ƙungiya ɗaya, yanzu sai an yi da gaske. Abin da ya rage wa mai hankali shi ne ya ɗaure yaransa da kwantiragin shekara uku tun ba su yi suna ba, in za su tafi a sayar da su da daraja, kuɗin kuma ya koma cikin ƙungiya. A nan Kano ba ta da uzuri. Je ka filin Mahaha ko kowane filin makaranta da yamma ka ga yawan yaran da ke buga ƙwallo. Ƙafa ba ta taɓa yi mana ƙaranci ba. Abin da ke ƙaranci shi ne mai zama ya bi yaro tun yana 14, da takardunsa na gaskiya, har ya kai babbar ƙungiya. Yanzu ma ga Barau FC ta hau Firimiya a 2025, wato ko a cikin gari akwai mai zawarcin yaran nan.

Idan kana son ka ga yadda sake gini na gaskiya yake, dubi Remo Stars ta Ikenne. Sau biyu tana faɗuwa daga Firimiya, a 2017 da 2019. Mai ita, Kunle Soname, ya gina fili, ya kafa makarantar yara ta Beyond Limits, ya bar Daniel Ogunmodede ya yi aikinsa. Ta zo ta uku a 2022, ta biyu a 2023, ta biyu a 2024, ta ɗauki kofi a 2025. Ka ga matakala, hawa-hawa. Rivers United ma haka: Stanley Eguma yana kan benci tun da aka haɗe Dolphins da Sharks aka kafa ta a 2016, bai ci kofin ba sai 2022. Ka tambayi kanka, wane koci ne zai shekara shida a Kano ba kofi, a bar shi? Wasa uku a jere ba nasara, an fara kiran gidajen rediyo ana cewa a kore shi.

Akwai kuma misalin da masu kyakkyawan zato a majalisarku za su so, wato Rangers ta Inugu. Ta shekara 32 ba kofin lig, daga 1984 har 2016, sai ga shi Imama Amapakabo ya kawo. To amma ka ji ƙarshen labarin: kakar da ta biyo baya da ƙyar ta tsira daga faɗuwa, aka sallami kocin, sai 2024 ta sake ci a hannun Fidelis Ilechukwu. Akwa United ta ci a 2021, ta faɗi a 2025. Wannan shi ne abin da nake nufi da cewa kofi ɗaya daban, mulki daban. Akwai kuma waɗanda suka tafi ba su dawo ba. BCC Lions ta Gboko ta ci kofin Afirka na masu kofin ƙalubale a 1990, ta ci lig a 1994, yau yara ba su san sunanta ba. Ranchers Bees ta Kaduna ta kai wasan ƙarshe na wannan kofin a 1988. Shooting Stars, da duk tarihinta da magoya bayanta, rabonta da lig tun 1998. Suna ba ya buga ƙwallo.

Na san wani zai kawo Liverpool, don ba a gardamar ƙwallo a Kano ba a tsallaka Ingila ba. E, ta jira shekara 30, daga 1990 zuwa 2020. Amma koci Klopp ya zo a Oktoban 2015, bai ɗaga kofin komai ba sai 2019, kuma aka yi haƙuri da shi. Manchester United kuwa tun da Ferguson ya tafi a 2013 take zuba kuɗi tana sauya masu horarwa, har Cristiano Ronaldo ta dawo da shi a 2021, lig bai dawo ba. Duk wanda ya ga wannan ya san dawo da gwarzon jiya ba shi ne dawo da jiya ba.

Saura batun da ake tsoron taɓawa. Pillars ta gwamnatin jiha ce. An ci kofin 2008 a zamanin Shekarau, uku a jere a zamanin Kwankwaso, kofin ƙalubale na Aiteo a 2019 da faɗuwar 2022 a zamanin Ganduje, aka dawo Firimiya a 2023 a farkon zamanin Abba Kabir Yusuf. Ba na kawo wannan don a yi siyasa da shi ba, ƙwallo ba ta san launin hula ba. Abin da nake nunawa shi ne duk ƙungiyar da ke jiran fayil ya fito daga ofis kafin a biya alawus, shirinta ba ya wuce tsawon wa'adin shugabanninta. A sauya hukumar gudanarwa, sabuwa ta zo da kocinta, koci ya zo da 'yan wasansa, a koma farko. Ɗan wasan da ke bin bashin kuɗin sa hannu ba ya sa ƙafarsa inda za a karya ta, wannan na gani da idona a ƙungiyoyi fiye da ɗaya. Naɗa mutum irin Ahmed Musa, wanda ya ga yadda ake tafiyar da CSKA Moscow da Leicester, zai yi amfani ne gwargwadon yadda aka sakar masa mara, da kuma yadda kuɗi ke fitowa a kan lokaci ba sai an yi roƙo ba.

Idan ka matsa mini in faɗi inda kofi zai fi saurin fitowa, zan ce kofin ƙalubale, wanda ake kira Aiteo a da, yanzu kofin Federation. Wasa shida ko bakwai ne na sili-ɗaya-ƙwale, inda gogewa da gola mai kyau da bugun tazara ɗaya ke raba gardama, kuma irin wannan ya dace da ƙungiya mai manya. El-Kanemi Warriors ta Maiduguri ta ɗauke shi a 2024 alhali a ƙaramar gasa ta buga kakar. Mu ma mun san daɗinsa da ɗacinsa: a 2018 a Asaba muna gaba da Rangers 3-0, suka farke duka uku, suka cinye a fenariti, daren da mutane da yawa ba su ci tuwo ba. Shekara ɗaya bayan haka aka rama a kan Niger Tornadoes a Kaduna, 0-0, aka ci 4-3 a fenariti, a hannun Ibrahim Musa Jugunu.

Lig kuwa, ga yadda ni nake auna ta, kai ma ka gwada a majalisa maimakon musu da baki. Ranar da aka buɗe kaka, ka ƙirga mutum nawa cikin 11 ɗin farko suka buga kakar bara a Pillars. In ba su kai bakwai ba, kada ka sa rai a bana. In an buga wasa goma, ka duba maki nawa aka samo daga waje a wasa biyar ɗin da aka fita. In sun kai shida ko bakwai, akwai magana. Sannan ka duba ko kocin da ya fara kakar shi ne a benci a watan Maris, kuma ko har lokacin a Ƙofar Mata ake karɓar baƙi ko an tura mu aron fili a wata jiha. In waɗannan suka daidaita kaka biyu a jere, zan iya cewa a ta uku a shirya zagaya gari da kofi. Uku a jere kuwa, a gasar da ta shekara 11, daga 2015 zuwa 2025, ba wanda ya iya maimaita ko sau ɗaya, ka gaya wa abokanka na ce ban sa rai ba, amma in ya faru ni zan sayi shayin majalisar gaba ɗaya, har da ƙwai.